Koto Mai Rai ko Kifin Roba: Da Wanne Za a Nemi Giwan Ruwa a Lokacin Kaka?

Da zarar ruwan sama ya ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba, Kantin Kwari kan cika ya batse. Manomi ya sayar da amfanin gona, bukukuwa sun ƙarato, kowa na neman atamfa da shadda da leshin lefe. A daidai wannan lokaci, can kudu da birni, jan ruwan damina kan fara kwantawa a madatsun ruwan Tiga da Bagauda da Challawa. Ruwa ya soma ja da baya daga ciyayin da ya mamaye, ƙananan kifayen da aka ƙyanƙyashe da damina su rasa mafaka su fito sarari. Manyan kifaye masu cin 'yan uwansu, irin su giwan ruwa da ragon ruwa da manyan tarwaɗa, sai su tare a bakin rafuka da gefen duwatsu suna jiransu. Duk masunci ya san waɗannan makonni ba na wasa ba ne.

A 'yan shekarun nan an sami sababbin masu sha'awar wannan lokaci. Daga cikin 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanzu da Dubai akwai masu dawowa da sandar fatsa mai abin naɗe zare, da ƙaramin akwati cike da kifayen roba masu launi iri-iri, kowane da ƙugiyoyi na reto a cikinsa. Samari kuma suna kallon yadda ake amfani da su a YouTube da TikTok. A ɗaya gefen, tafiyar 'yan mintuna daga Kwari, ga masu sayar da kayan su a kasuwar Sabon Gari, waɗanda cinikinsu ya dogara ga kalli da birgi da zare da darma da kwalayen ƙugiya, ga kuma masunta da dillalan da ke kawo kifi kasuwar Galadima. Idan aka haɗu ana hira, gardamar da ke tashi guda ce: mai neman giwan ruwa da kaka, ya sa wa ƙugiyarsa ɗan kifi mai rai, ko ya jefa na roba? Gardama ce da ta cancanci a zauna a auna ta, domin a ƙarshe ta shafi yawan kifin da zai rage a ruwan.

Masu koto mai rai su ya kamata a fara saurara, don sun riga kowa shiga ruwan. Hujjarsu ta farko halin giwan ruwa ne. Kifi ne mai kwanton ɓauna. Yakan laɓe a gindin dutse ko cikin rassan itacen da ruwa ya cinye, ya fi farauta da asuba da kuma bayan la'asar zuwa magariba, kuma idanunsa suna gani a cikin ƙarancin haske. A gefen jikinsa akwai wani layi da yake jin motsin ruwa da shi, ta yadda ɗan kifin da ke mutsu-mutsu saboda rauni zai ja hankalinsa ko da bai gan shi ba. Masunci zai kamo ƙarfasa ko tarwaɗa mai tsawon yatsa zuwa tafin hannu, ya soke ta da ƙugiya a baya, ƙasa da ƙaya kaɗan, yana kiyaye ƙashin baya don kada ta mutu. Wani kuma a leɓe yake sakawa. Sai ya ɗaura 'yar darma, ya sa ɓallin tsohon silifas ya riƙe zaren a sama, ya bar koton ya yi ta iyo a inda ya san babban yana kwance. An fi son tarwaɗa a wannan aiki saboda taurin ranta: tana shaƙar iska kai tsaye, tana iya kwana a jikin ƙugiya da ranta. Motsin da take yi, da warin jikinta, da ɗan jinin da ke fita, duk na gaske ne. Babu masana'antar da ta iya haɗa ukun nan a jikin roba.

Hujja ta biyu ita ce sanyi. A nan ne bidiyon da samari ke kallo ke ruɗar mutane. Yawancinsu an ɗauke su ne a arewacin Amurka da Kanada, inda ake farautar wani dogon kifi mai haƙora da suke kira maski. Shi kifin ƙasar sanyi ne. Idan kakarsu ta shigo ruwa ya fara sanyi, yakan dage da ci kafin ƙanƙara ta rufe tafki. Namu kuwa kifin ƙasar zafi ne. Idan iskar hunturu ta kankama daga ƙarshen Nuwamba zuwa Janairu, jikinsa kan yi nauyi, ya gangara zurfi, ya rage kai hari. Kifin da ba ya son wahala ba zai bi roba mai gudu ba, amma idan aka ajiye masa abinci mai rai a gaban hancinsa zai buɗe baki. Abin lura, su ma masu farautar maski idan sanyi ya tsananta a ƙarshen kakarsu, da yawansu koto mai rai suke komawa.

Hujja ta uku ita ce ta fi nauyi a wurina, wato aljihu. Masuncin Tiga ba shaƙatawa ta kai shi ruwa ba. Da yamma zai shimfiɗa dogon zare mai ƙugiyoyi masu yawa, ya sa wa kowace koto, ya koma gida, da asuba ya tuƙa kwalekwale ya je ya duba. Zaren yana masa aiki yana barci, da rana kuma yana gonarsa ta shinkafa ko tumatir. Kifin roba kuwa sai mutum na tsaye a kansa, yana jefawa yana naɗewa, sau ɗari ko fiye, kuma ƙugiya ɗaya tak ke cikin ruwa a kowane lokaci. Ga tsada. Kuɗin kifin roba ɗaya mai kyau zai sayi ƙugiyoyin Mustad masu yawa a Sabon Gari. Sannan Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ruwanta ya kwanta ne a kan daji da gonaki da duwatsu, faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 178. Kututture da dutse suna nan a ƙasa, kuma daidai wurin da giwan ruwa ke son kwanciya nan ne robar ke maƙalewa. Ɗan kasuwa zai tsinke zare ya ɗauro wata. Masunci idan ya yi asarar biyu a rana, cefanen gidansa ya tafi.

Da a nan maganar ta tsaya, da an gama muhawara. Amma masu kifin roba suna da tambayar da ba a cika son amsawa ba: koton nan, daga ina ake samo shi, kuma da me?

Wanda zai cika ƙugiya ɗari da koto kullum yana bukatar ƙananan kifaye ɗari kullum, ban da waɗanda za su mutu a cikin bokiti kafin a kai ga sakawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja gidan sauro ko raga mai ƙananan idanu a bakin gaɓa, inda ruwa bai wuce gwiwa ba. Abin da ke fitowa a irin wannan ja kowa ya taɓa gani: 'ya'yan ƙarfasa, 'ya'yan ƙurungu, 'ya'yan ragon ruwa, har da 'ya'yan giwan ruwan kansa, wasu ba su kai farce ba. A tsince masu girman koto, sauran a watsar a kan yashi ko a shanya. Kaka kuwa ita ce lokacin da waɗannan 'ya'ya suka fi yawa a gaɓa, saboda yanzu suka baro ciyayi. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da raga mai idon da bai kai milimita 76 ba, sai a wasu keɓaɓɓun nau'o'in su, kamar yadda ta hana guba da nakiya da lantarki. Amma doka tana kan takarda, gaɓa kuma tana da tsawo. Mai kifin roba yana iya cewa da gaskiyarsa shi bai taɓa ɗan kifi ko ɗaya ba kafin ya kama babba.

Suna kuma kawo batun haɗiya. Giwan ruwa ba ya gutsurar abinci, zuƙe shi yake yi gaba ɗaya da buɗe baki guda. Idan koto mai rai ne, kuma zaren ya kwana babu mai tsaro, ƙugiya takan wuce maƙoshi ta shiga ciki. Wanda aka kama haka ya mutu, ko babba ne ko ɗan ƙarami ne da bai taɓa hayayyafa ba, babu zaɓin mayar da shi. Roba kuwa da kifi ya cafka ya ji tauri zai so tofarwa, mai sanda ya fizga nan take, ƙugiya ta kama leɓe. Ana iya cirewa a saki ƙaramin ya je ya girma. Wannan matsala ce ta sa a jihar Wiskonsin ta Amurka aka wajabta wa masu amfani da babban koto mai rai wani salon ɗaurin ƙugiya da ake fizga da zarar kifi ya kama, ko kuma ƙugiya mai lanƙwasa da ke kamawa a gefen baki, don a daina jira sai ya haɗiye.

Akwai kuma abin da ya shafi yanayin kaka kanta. Tsakanin ɗaukewar ruwa da shigowar sanyi sosai, ruwa ya yi garau amma bai yi sanyi ba, kifi na da kuzari, abinci na gudu a gabansa. A waɗannan makonni roba na aiki ƙwarai. Mai sanda yana iya zagaye gaɓa mai tsawo a safiya ɗaya, ya gwada bakin wannan rafi, ya gwada gindin wancan dutse, alhali mai koto yana zaune wuri guda yana jiran rabo. A ruwa mai haske launin azurfa ko mai kama da ƙarfasa ya fi, a ruwa mai duhu kuma mai launi mai ƙarfi ko mai ƙara a ciki. Sai dai hasken ruwa kaifi biyu gare shi. Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma zare mai kauri da inuwar mutum a kan dutse duk yana ganinsu. Dabarar ba sabuwa ba ce a duniya. A 1936 wani talakan masunci a ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa kifin ƙarya da ɓawon itace, ya naɗe shi da takardar azurfa, bayan ya lura manyan kifaye sun fi kai wa ɗan kifin da ke tangaɗi hari. Don ciyar da iyalinsa ya yi, kuma har yau sunansa na kan kayan. A Tafkin Nasir na Masar, inda baƙi ke zuwa daga nesa don giwan ruwa, da irin waɗannan robobi ake kama manya-manyan, ana jan su a bayan jirgi mai inji ko ana jefawa daga kan duwatsu.

Wasu kan shigo da addini cikin maganar, kuma ba laifi. Kifi ba ya bukatar yanka, wannan sananne ne. Amma soke dabba mai rai a bar ta tana wahala dare guda abu ne da malamai suka yi magana a kai, wasu suka ƙyamace shi saboda umarnin kyautatawa ga dabbobi, wasu suka sassauta idan akwai bukata. Masu sa kwaɗo a ƙugiya kuma ana tuna musu da hadisin da ya hana kashe kwaɗo. Hukunci na malamai ne. Abin da na ɗauka daga maganarsu shi ne kalmar bukata: wanda ke neman abincin 'ya'yansa da wanda ya fito hutun ƙarshen mako ba su tsaya a matsayi ɗaya ba.

Ita ma robar ba ta fita fes ba. Duk wadda ta maƙale aka tsinke, tana nan a ƙasan ruwan da ake sha ake ban-ruwa da shi a Kadawa da Kura, ita da darmarta da guntun zarenta. Ƙugiya mai kai uku tana fasa idon kifi, tana shiga hannun mai cirewa. Maganar saki kuma tana da iyaka: giwan ruwan da aka jawo da sauri daga zurfi, jakar iskar da ke cikinsa takan kumbura, ko an sake shi sai ya yi ta yawo a saman ruwa har ya mutu. Sannan a faɗi gaskiya, nawa ne cikin samarinmu za su kama kifi mai kilo goma su mayar da shi ruwa? Hoto za a ɗauka, a kai gida a yi farfesu. Mai roba da bai saki ƙarami ba ya zubar da rabin hujjarsa.

Wurin da ya fi dacewa mu duba shi ne Tafkin Biktoriya a gabashin Afirka. An shigar da giwan ruwa cikinsa a shekarun 1950, ya yaɗu, ya cinye nau'o'in ƙananan kifayen tafkin masu yawa har wasu suka ɓace, sannan ya zama babbar sana'ar da Yuganda da Kenya da Tanzaniya ke fitarwa zuwa Turai. Darasi na farko a nan shi ne haɗarin ɗaukar kifi daga wani ruwa a kai wani. Mai sayen koto a wani wuri ya tafi da shi Challawa, ya juye ragowar a ruwa idan zai tafi, bai san abin da ya shuka ba, ko wane iri ko wace cuta. Darasi na biyu ya fi amfani. Masuntan Biktoriya da dogon zare da koto mai rai suke kama giwan ruwa, kamar namu. Da bukatar koto ta yi yawa, sai masu kiwon kifi suka shiga ƙyanƙyasar 'ya'yan tarwaɗa suna sayar wa masunta musamman don ƙugiya. Hukumomin tafkin kuma suka sanya ma'auni: a kama giwan ruwa mai tsawon santimita 50 zuwa 85, a bar wanda bai kai ba da wanda ya wuce. Dalilin barin manyan shi ne yawancin giwan ruwa masu girman gaske mata ne, kuma uwa ɗaya tana zuba miliyoyin ƙwai. Kano cike take da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa, a bayan gidaje da gonakin gefen gari. Kasuwar koto na iya zama musu ƙarin ciniki, ta kuma ɗauke wa gaɓa nauyin gidan sauro, muddin tarwaɗar asali ce ta ruwanmu ba wadda aka haɗa iri ba.

Mu ma muna da namu misalin. Kifin da ake ɗagawa a bikin kamun kifi na Argungu, mai kilo 75 a 2005 da mai kilo 78 a 2020, ba dabarar koto ce ta samar da su ba, domin a kogin Matan Fada da homa da gora ake shiga. Abin da ya ba su damar kai wannan girma shi ne an hana taɓa wurin sai ranar da Sarkin Ruwa ya ba da izini. Bikin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, ya rayu ne a kan wannan hani. A Kainji ma, da aka ga kifi na raguwa a shekarun 1990, aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus ta hannun sarakunan ruwa da masu unguwanni ya bi wajen yaƙi da jan dala, wato jan raga daga bakin gaɓa. Masunci yana jin maganar sarkin ruwansa fiye da ta jami'in da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Idan aka tambaye ni wanne ya fi kama kifi, amsar ta danganta da wata. Daga Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, a ruwa mai haske, mai roba da ya iya hannunsa zai yi gogayya da kowa. Da hunturu ya kankama, ko a ruwa mai laka, ko cikin dare, koto mai rai ya yi masa nisa. A shekara gaba ɗaya, ga mai neman na tuwo, koto ne ke kan gaba, kuma duk mai kiran a hana shi bai san rayuwar bakin ruwa ba. Amma idan tambayar ita ce wanne ya dace da wa, a nan ba ni da shakka. Ɗan kasuwar da ya rufe shagonsa a Kwari ya kama hanyar Tiga don ya huta ba shi da uzurin aika yara su ja masa gidan sauro. Yana da kuɗin roba, yana da lokacin jefawa, kuma cefanen gidansa bai rataya a kan abin da zai kama ba. Ya yi amfani da roba, ya danne ƙayar ƙugiyarsa da filaya don cirewa ta yi sauƙi, ya saki duk wanda bai kai tsawon kamu ɗaya ba, ya kuma kwashe guntayen zarensa kafin ya bar gaɓa. Ya gaida sarkin ruwan wurin kafin ya jefa komai, don ruwan yana da masu shi.

Masunci kuma ya riƙe kotonsa, amma ya samo shi da gura ko ƙaramar fatsa a cikin ruwan da zai yi su, ko ya saya wurin masu ƙyanƙyasa, ya kuma zaɓi babbar ƙugiya wadda ƙaramin giwan ruwa ba zai iya haɗiyewa ba. Masu sayar da kayan su a Sabon Gari suna da hannu a nan fiye da yadda suke zato, domin raga mai ƙananan idanu daga rumfunansu take fita. Ga sarakunan ruwa na Tiga da Challawa da Watari da Tomas kuwa, roƙona ɗaya ne: ku zauna da masuntanku kafin kaka ta shigo, ku ware bakin rafuka biyu ko uku a kowace madatsa inda ba za a ja raga ba daga Satumba zuwa Disamba, ku kuma sanar da hakimai da hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are don su mara muku baya.